Gubar Dalma a Zamfara: Lambobin da Aka Auna Rayukan Yara da Su

Agwagi ne suka fara mutuwa. A farkon shekarar 2010 mutanen wasu ƙauyuka a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara suka ga agwaginsu suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, amma ba wanda ya tsaya bin ba'asi, don mutuwar agwagwa ba ta tara jama'a. Ba a jima ba abin ya koma kan yara. Yaro zai fara da amai da ciwon ciki, ya daina wasa, sai jijjiga ta kama shi, idanu su kakkafe, kafin kwana biyu ko uku a kai shi makwanci. Wasu suka ce sanƙarau ne, tunda lokacin zafi ne. Wasu suka ce zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kai. Wasu kuma suka ce iska ce.

A watan Maris na shekarar, ma'aikatan ƙungiyar Likitoci Na-Gari Na-Kowa, wato MSF, da ke sa ido kan sanƙarau a yankin suka sami labarin yawan mace-macen. Suka ba da maganin zazzaɓi da na kashe ƙwayoyin cuta, yara ba su daina mutuwa ba. Sai da aka aika da jini ɗakin gwaji a Turai sannan gaskiya ta fito: dalma ce.

Asalin abin ba ɓoyayye ba ne. Farashin zinare ya hau a kasuwar duniya har ya haura dala 1,000 kowace oza, manoma suka ga abin da za su samu a rami cikin mako ya fi abin da gona za ta ba su a damina. Dutsen da suke haƙowa kuwa, tare da zinaren akwai dalma mai yawa a cikinsa. Ana kawo shi gida cikin buhuna, a farfasa da guduma, a niƙa a injin niƙan hatsi, wani a daka a turmi, a wanke, a shanya a tsakar gida, a kama zinaren da zaiba. Ƙurar niƙan nan ita ce ta sauka a kan tabarma da tukunya da hatsin da aka shanya, ta sauka a ƙasar da jariri yake rarrafe a kai.

A watan Mayu tawagar hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, wato CDC, ta shiga ƙauyukan Dareta da 'Yargalma gida-gida. Cikin yara 463 'yan ƙasa da shekara biyar, 118 sun rasu a cikin shekara guda, wato ɗaya cikin kowane huɗu. Mafi yawansu sun yi jijjiga kafin rasuwa. An ɗebi jinin yara 204 daga cikin masu rai, aka tarar kashi 97 cikin ɗari sun kai mizanin da ake fara ba da maganin fitar da dalma. A ƙiyasin da aka fi ambata, yaran da suka mutu a wannan annoba sun kai 400.

Abin da nake so in bi diddigi a nan shi ne wannan kalma ta mizani. Wa ya sa shi, da wace hujja, kuma me yake nufi ga uwar da aka ce mata ɗanta bai kai ba?

Yadda ake yanka iyaka

Ana auna dalmar jini da maikirogiram a kowace desilita. Maikirogiram shi ne giram ɗaya a raba shi gida miliyan, desilita kuma kashi ɗaya cikin goma na lita, kamar rabin kofin shayi. Duk lambar jini da zan ambata daga nan, da wannan ma'auni take.

Ilimin guba ya ginu a kan wata magana ta Paracelsus, likitan ƙarni na 16 ɗan ƙasar Suwizalan, cewa yawan abu ne ke mai da shi guba. Bahaushe bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan: gishiri daidai shi ne daɗin miya, in ya zarce ya zama ciwo. Daga wannan fahimta masana suka fitar da hanyar aiki. A ba dabbobin gwaji abin da ake tuhuma, rukuni-rukuni, wasu kaɗan wasu da yawa, a nemo adadi mafi girma da bai nuna wata illa ba. Sai a raba shi da goma, don mutum ba ɓera ba ne, a sake rabawa da goma, don a cikin mutane akwai jariri da tsoho da mai ciki da marar lafiya. Wannan rabawa da 100 ta samo asali ne daga Lehman da Fitzhugh na hukumar abinci da magunguna ta Amurka a 1954, kuma har yau da ita ake aiki a kan magungunan feshi da sinadaran da ake sa wa abinci. Hanya ce mai kyau, ta kare mutane da yawa. Sai dai tana da sharaɗi guda da ba a cika faɗa ba: dole a ce akwai wani adadi da jiki zai ɗauka ba tare da ya cutu ba. In babu shi, ba abin da za a raba.

Dalma ita ce ta karya wannan sharaɗi, kuma tarihin lambobinta ya nuna haka ƙarara. A shekarun 1960 likitocin Amurka ba sa damuwa sai jinin yaro ya kai 60. A farkon shekarun 1970 aka sauko 40, a 1975 aka koma 30, a 1985 aka ce 25, a 1991 aka tsaya a 10. Dalmar ba ta ƙara dafi a tsakanin waɗannan shekaru ba, idon masu bincike ne ya ƙara kaifi. Da can abin da ake kira illa shi ne jijjiga da suma da mutuwa. Sai wani likitan yara a Amurka, Herbert Needleman, ya zo a 1979 ya tattara haƙoran da yaran firamare suka famfare a yankin Boston, ya auna dalmar cikinsu, ya nuna cewa yaran da suka fi dalma sun fi rauni a gwajin basira da natsuwa a aji, alhali ba wanda zai kalle su ya ce ba su da lafiya. A 2005 Bruce Lanphear da abokan aikinsa suka haɗa bayanan yara 1,333 daga ƙasashe daban-daban, suka sami abin da ya girgiza kowa. Daga 2.4 zuwa 10 yaro yana asarar maki kusan 3.9 a gwajin basira. Daga 10 zuwa 20 asarar 1.9 ce. Daga 20 zuwa 30 kuma 1.1. Ma'ana, ɓarnar ta fi tsanani a matakan farko, a ƙasa da lambar da ake kira iyaka.

Akwai wani dacen lokaci da nake yawan tunawa. A watan Yunin 2010, daidai lokacin da ake kwasar ƙasa da shebur a Dareta, kwamitin masana na haɗin gwiwar Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona, wanda ake kira JECFA, ya zauna a Janiba ya janye adadin da ya daɗe yana cewa jiki zai iya ɗauka, wato maikirogiram 25 a kowane kilo na nauyin mutum a mako. Ya ce wannan adadi yana tafiya da asarar aƙalla maki 3 na basira ga yara da ƙarin hawan jini ga manya. Bai kuma maye gurbinsa da wani ba, don bai sami adadin da zai iya rantsewa a kai ba. Hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ita ma a shekarar ta kai ga wannan matsaya.

To lambar 5 da CDC ta sa a 2012, da 3.5 da ta koma a 2021, daga ina suka fito? Ba daga gwajin illa ba. An auna jinin yaran Amurka 'yan shekara ɗaya zuwa biyar, aka duba inda kashi biyu da rabi cikin ɗari mafiya yawan dalma suka fara, aka ja layi a nan. Lamba ce ta gano yaran da suka fi sauran 'yan ƙasarsu shaƙa, don a je a binciki gidajensu. Wanda ya karanta ta a matsayin shaidar lafiya ya yi mata mummunar fahimta.

Abin da aka tarar a fili

Na'urar gwajin jini ta hannu da aka kai ƙauyukan, LeadCare II, iyakar abin da take iya karantawa 65 ne. Waɗanda suka ƙera ta ba su zaci za a buƙaci fiye da haka ba. A Zamfara sai ma'aikaci ya ɗiga jini, ya jira 'yan mintuna, na'ura ta nuna alamar ya wuce. Ya ɗiga na yaro na biyu, ya wuce. Na uku ma haka. Alamar ba ta bambanta mai 70 da mai 300 ba, alhali na farko yana iya jira kwana biyu, na biyu kuwa yana iya mutuwa a daren. Dole aka ɓullo da dabarar surka jinin da wani jini da aka tabbatar dalmarsa kaɗan ce, a auna, sannan a ninka sakamakon. A wannan hanya aka ga yara masu ɗaruruwa.

Ƙasa ma haka. Mizanin da Amurka take amfani da shi a lokacin ga filin da yara ke wasa shi ne miligiram 400 na dalma a kowane kilo na ƙasa. A wasu wurare a ƙauyukan nan an auna fiye da 100,000, wato kashi goma cikin ɗari na ƙasar dalma ce tsantsa.

Bari mu yi lissafin a kusa, da yaro guda. Mu ce ɗan shekara biyu, nauyinsa kilo goma, yana zaune a tsakar gida da ɗan guntun tuwo a hannu. Tuwon ya faɗi, ya ɗauka, ya mayar baki. Ya tsotsi yatsa. Masu ƙiyasi sukan ɗauka ƙaramin yaro yana haɗiye kimanin miligiram 100 na ƙasa da ƙura a rana, abin da bai kai cikin tsinken farce biyu ba. In ƙasar tana da 400, ya haɗiyi maikirogiram 40. In tana da 10,000, ya haɗiyi 1,000. Tsohon adadin JECFA, wanda aka janye don ya yi yawa, ga yaro mai kilo goma 250 ne a mako guda cur. Ke nan a rana ɗaya ya ci rabon wata guda. Kuma wannan miligiram 100 an ƙiyasta shi ne da yaran da gidajensu ke da siminti da kafet da famfo. Yaron da ɗakinsu daɓen ƙasa ne, bangonsu na laka ne, ga ƙurar hunturu, abin da yake haɗiya ya fi haka. Ga shi kuma hanjin yaro yana tsotse dalma ninki huɗu zuwa biyar na babba, ya fi ma tsotsewa in cikinsa ba abinci ko jikinsa na da ƙarancin sinadarin ƙarfe da na ƙashi. A nan nake ganin raunin aron lamba daga wata ƙasa: lambar tana zuwa da zato a ɓoye cikinta game da irin gidan da yaro yake kwana da irin abincin da yake ci.

Duk da haka ba a iya aiki ba lamba. Kamfanin TerraGraphics da Cibiyar Blacksmith, masu aikin tsabtace gurɓataccen muhalli daga Amurka, tare da ma'aikatan jiha da na ƙananan hukumomi da masarautu, suka tsara cewa inda na'urar haska ƙasa ta nuna fiye da 1,000 a kankare saman a kwashe a binne a rami na musamman, a zuba sabuwar ƙasa. Inda yake tsakanin 400 da 1,000 a rufe da ƙasa mai tsabta. Ba wanda ya ce 900 lafiya ce. Damina ce ke tafe, hanya za ta yanke, kuɗi kaɗan ne, ma'aikata da fartanya da shebur da baro suke aiki. Dole a zaɓi inda za a fara. A ganina hukuncin ya yi daidai, kuma waɗanda suka yanke shi ba su ɓoye dalilinsu ba. Daga 2010 zuwa 2013 an kwashe fiye da kubik mita 27,000 na gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje da filaye a ƙauyuka takwas: Dareta, 'Yargalma, Abare, Tungar Guru, Tungar Daji, Sunke, Duza da Bagega.

Lamba 45

Wannan ita ce lambar da ta fi taɓa iyaye kai tsaye. Wanda jininsa ya kai 45 ana ba shi DMSA, magani ne da yake kama dalmar jini ya fitar da ita ta fitsari. Wanda bai kai ba, ba a ba shi.

Ka sa kanka a matsayin uwa mai 'ya'ya biyu, ɗaya 52 ɗaya 41. Tukunya ɗaya suke ci, tabarma ɗaya suke kwana. An rubuta wa ɗaya magani, an ce ɗayan a dawo da shi gwaji. Abin da za ta fahimta ɗaya ne cikin biyu: ko dai an yi mata rowa, ko kuma ƙaramin lafiyarsa lau. Duka biyun ba haka ba ne, kuma ma'aikacin da bai zauna ya warware mata wannan ba bai gama aikinsa ba.

Lambar tana da hujja. A wani babban gwaji da aka buga sakamakonsa a 2001 a Amurka, an ɗauki yara 780 masu dalma tsakanin 20 da 44, aka ba rabi wannan magani, rabi kuma aka ba su abin da ba magani ba. Dalmar jinin masu shan maganin ta sauka, amma da aka gwada basirarsu da ɗabi'arsu bayan shekaru, ba su fi sauran ba. Maganin yana ceton rai in dalma ta yi yawan da za ta kumbura ƙwaƙwalwa, sai dai ba ya maido da abin da ya riga ya lalace. Saboda haka 45 amsa ce ga tambayar daga ina amfanin magani ya rinjayi wahalarsa. Tambayar daga ina dalma ke fara cutarwa dabam ce, kuma amsarta tana can ƙasa ƙwarai. Yaro mai 41 ya ninka lambar Amurka ta yau fiye da sau goma. Maganinsa shi ne a raba shi da ƙurar.

Wannan ne ma ya sa MSF ta kafe cewa ba za ta fara ba da magani a ƙauye ba sai an share ƙasarsa. A farkon annobar an kwantar da yara da iyayensu mata a asibitocin Anka da Bukkuyum, nesa da gida. Amma a fitar da dalma daga jinin yaro a mai da shi gidan da ya kwaso ta, ɗiban ruwa ne da kwando. Bagega ce ta ɗanɗana kuɗar wannan ƙa'ida. Ita ce mafi girma a cikin ƙauyukan, yara kimanin 1,500 suna jira, kuɗin da Gwamnatin Tarayya ta yi alkawari bai fito ba sai a farkon 2013, bayan matsin lamba daga ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch da matasan Follow The Money masu bin diddigin kuɗin gwamnati. Kusan shekara uku ke nan. Likitoci suna da maganin a hannu, sun san lambobin, ba su da ikon fara aiki. Duk wata da ya wuce a cikin jiran nan, a ƙwaƙwalwar yara aka biya shi, kuma wannan yana ci mini rai har yanzu.

Aikin da aka yi ya yi tasiri, ba a musu. Mace-mace sun ragu ƙwarai da zarar an fara sharewa da ba da magani. Matsakaicin dalmar jinin yaran da ake gwadawa ya sauko daga 149 zuwa 15 cikin shekara huɗu. Wanda ya ga 149 zai yi hamdala da 15, kuma ya cancanci ya yi. Sai dai 15 ɗin ta ninka sau uku lambar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce, a ƙa'idojinta na 2021, in an gani a nemo tushen dalmar a kawar da shi. Ita ma Amurka a farkon 2024 ta rage mizanin binciken ƙasar gidaje daga 400 zuwa 200.

Haƙa kuwa ba ta tsaya ba, don talauci bai tsaya ba. An yi ƙoƙarin a fitar da niƙa daga cikin gari, a riƙa jiƙa dutse kafin a niƙa don ƙura ta kwanta, mai haƙa ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa. Inda aka bi, an ga sauƙi. Inda aka koma gidan jiya, gidajen da aka share sun sake gurɓata. A 2015 irin wannan annoba ta ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, a Shikira da ƙauyukan kusa, yara 28 suka rasu. Daga baya rashin tsaro ya rufe hanyoyin Anka da kewaye, ya sa bin yaran da gwaji ya yi wuya. A 2022 MSF ta miƙa aikin ga hukumomin jihar Zamfara.

Wani abu kuma da ya shafi har gidajen da ba su taɓa ganin ramin zinare ba: dutsen dalmar nan mai ƙyalli ɗan'uwan wanda ake niƙawa a yi kwalli ne. A 2012 CDC ta ba da rahoton wani jariri a Boston, iyayensa 'yan Najeriya, da aka sami 13 a jininsa. Da aka bincika, tozalin da ake sa masa a ido ne, kuma fiye da kashi 80 cikin ɗari na tozalin dalma ce. An gano shi ne don a can ana gwada jarirai. Mu a nan jariri mai 13 ba wanda zai sani, don ba ya jijjiga, ba ya amai, yana dariya yana shan nono.

Dalma tana raguwa da rabi a jini cikin kamar wata guda, amma wadda ta shige ƙashi tana zama shekaru gommai. Idan mace ta sami ciki, jikinta yana ɗebo sinadari daga ƙashinta don gina na ɗan tayi, dalmar da ke ajiye sai ta biyo, ta ratsa mabiyiya ta isa ga jaririn. 'Yan matan da suke rarrafe a Dareta da Abare da Bagega a 2010 yanzu sun kai aure, wasu sun fara haihuwa. Da yawansu an sallame su daga shirin magani tun suna ƙanana, da lambar da ta sauka ƙasa da 45. In da za a tambaye ni inda ya kamata a kai na'urar gwaji a yau, ɗakin awon ciki na asibitocin Anka da Bukkuyum zan nuna, a tambayi kowace mai ciki ƙauyen da ta tashi, a ɗebi jininta tun a awon farko.